Me Yaro Yake Nema a Littafin da Zai Hana Shi Barci?

Tambayar da ke yawo a bakin iyaye ke nan tun da wayoyi masu intanet suka shiga hannun yara: me ya sa yaro mai hankalinsa zai zaɓi labarin da ya san zai tayar masa da tsikar jiki? Sai a kama shi cikin dare, ya ƙudundune cikin bargo, yana bin wasu zane-zane masu cike da fatalwa da gawarwaki masu tafiya da gidajen da ba a shiga a fito lafiya. Wasu iyayen su ce harkar shaiɗanu ce kawai. Wasu su ce shirmen katun ne, zai daina da kansa. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar yanke hukunci.

Maganar ta same ni har gida. A hutun da ya wuce yayata ta kira ni ranta a ɓace. Ta kama ɗanta mai shekara 14 wajen ƙarfe ɗaya na dare yana karanta wani labarin Jafanawa a wayar mahaifinsa, kuma abin da idonta ya fara sauka a kai shi ne jikin mutum ya murɗe kamar dodon koɗi. Ta ce da ni, "Ka zo ka duba min yaron nan, kai ne mai karance-karance. Ni dai raina bai kwanta da abin nan ba." Na je. Ban yi masa faɗa ba, sai na ce ya mayar da labarin farko mu karanta tare.

Wane irin littafi ne wannan?

Littafin zane, wanda yaran ke kira kwamik, ko manga idan daga Jafan ya fito, labari ne da ake bayarwa ta jerin hotunan da aka zana, kowane hoto a cikin akwatinsa, maganar mutane kuma a rubuce cikin 'yan da'irori kusa da bakinsu. Ba ya motsi, ba shi da sauti, saboda haka ya bambanta da katun na talabijin. Kuma kuskure ne babba a ɗauka duk abin da aka zana na yara ne. A Jafan akwai mujallun manga da ake bugawa musamman domin magidanta da manyan mata. A Faransa da Beljiyam suna kiran wannan sana'a fasaha ta tara, suna jera ta kusa da waƙa da gini da fim, kuma a 1974 aka fara yi mata babban biki na shekara-shekara a garin Angoulême.

Nau'in da muke magana a kai ya haɗa abu uku a tukunya ɗaya. Akwai ban tsoro. Akwai duniyar ɓoye, wato abin da ke tsoratarwar ya wuce ɓarawo ko ɗan daba, ya shiga fatalwa, mai shan jini, la'anar da ta bi zuri'a, ko mutumin da ke rikiɗa. Sannan akwai ƙulli: wani ya mutu ko ya ɓace, ba a san dalili ba, kuma dole wani ya bi sawu. Kowanne daga cikin ukun yana iya tsayawa shi kaɗai. Haɗuwarsu ce ke sa yaro ya kasa ajiye waya.

Inda tsoron yake ɓuya

Mutane na zaton jini ne ke jan masu karatu. Da na zauna da ɗan yayata sai na ga hotunan jinin ma wuce su yake yi da sauri. Inda yake tsayawa daban ne.

Tsakanin kowane akwati biyu akwai ɗan farin layi da ba a zana komai a cikinsa ba. Masu sana'ar a Amurka suna kiransa da kalmar da ke nufin kwata. Wani mai zane ɗan Amurka, Scott McCloud, ya yi dogon bayani a kansa a littafin da ya fitar a 1993, ya kawo misali mai sauƙi: a akwatin farko wani ya ɗaga gatari a kan wani, a na biyu ba ka ganin kowa, sai gari cikin dare da ihu yana tashi. Mai zanen bai zana saran ba. Kai mai karatu kai ka sauke gatarin a cikin ranka, kai ka zaɓi inda ya sauka da irin ƙarar da ya yi. Shi ya sa mutum biyu za su karanta shafi ɗaya, tsoron kowa ya fita daban. Kowa da abin da ya zuba a cikin wannan farin layin, kuma abin da mutum ya ɗebo daga cikinsa ya fi duk abin da wani zai zana masa dacewa da abin da yake tsoro.

Dabara ta biyu ita ce juya shafi. Labarin da yaron yake karantawa na Junji Ito ne, ɗan Jafan da aka haifa a 1963, wanda ya yi aikin haɗa haƙoran roba kafin ya koma zane gaba ɗaya. An buga labarin kashi-kashi a mujalla tsakanin 1998 da 1999, kuma yana magana ne a kan wani ƙaramin gari a bakin teku da siffar murɗiya ta addabi mutanensa. Ito ya shahara da abu ɗaya: a akwatin ƙarshe na shafi zai nuna maka fuskar mutum ya zaro ido yana kallon wani abu da kai ba ka gani. Abin da yake kallon yana bayan shafin. Ba za ka gan shi ba sai ka juya da hannunka.

Na ga wannan a kusa. Muna zaune a kan tabarma a tsakar gida, an ɗauke wuta, hasken wayar ne kawai a fuskokinmu. Muka zo kan irin wannan akwatin, sai na ga babban yatsan yaron ya tsaya cak a gefen wayar. Ya riga ya karanta wurin, ya san abin da ke gaba, amma ya ɗago ya ce, "Kawu, ka shirya?" Ya ja numfashi, sannan ya shafa. A nan na gane abin da yake jin daɗinsa. Fim yana tafiya ko ka shirya ko ba ka shirya ba, ya firgita ka da ƙara lokacin da ya ga dama. A littafin zane linzamin yana hannunka. Kana iya tsayawa, ka koma baya, ka rufe ido ɗaya, ka ajiye sai gari ya waye. Yaro ɗan shekara 14, wanda kusan komai na rayuwarsa wani ne ke yanke masa, ya samu wuri ɗaya da yake gwada ƙarfin zuciyarsa gwargwadon yadda shi ya zaɓa.

Mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan. Ba a yin tatsuniya da rana. Sai dare ya yi, yara sun kewaye kaka, an ce "ga ta nan ga ta nan ku", sannan Dodo ya fito. Muna matsowa jikin juna, wani ya toshe kunne amma ya bar ɗan yatsa a sake, kuma gobe mu ne za mu roƙa a maimaita mana ita. Mun san akwai "ƙurunƙus" a gaba, mun san kaka tana nan. Tsoro ne mai shinge.

Wasu masu zanen kuma da duhu suke aiki. Mike Mignola, wanda ya fara fitar da jerin Hellboy a 1994, yakan cika rabin shafi da baƙin tawada, ya bar maka gefen fuska, ko idon gunki, ko ƙofar da ta ɗan buɗe. Sauran kai za ka ƙarasa.

Me ya kawo bincike cikin maganar fatalwa?

Tsoro shi kaɗai korar mutum yake yi. Da a ce hotunan firgici ne kawai a jere, da mai karatu ya gaji a shafi na goma. Ƙullin ne ke riƙe shi. Tsoro na ja da baya, son sani na ja gaba, mai karatu yana tsakiya. Wa ya kashe ta? Me aka binne a ƙarƙashin gidan? Me ya sa dattawan garin ba sa son a ambaci shekarar da abin ya faru?

Misali mafi kyau daga Italiya yake. A watan Oktoba na 1986 marubuci Tiziano Sclavi ya fitar da Dylan Dog a kamfanin Bonelli na birnin Milan, littafi baƙi da fari mai fita duk wata. Jarumin tsohon ɗan sanda ne a Landan da ya koma binciken abubuwan da 'yan sanda ba sa karɓa, irin ƙarar matar da ta ce mijinta da ya mutu ya dawo. Ba wani ƙaƙƙarfa ba ne. Yana tsoron hawa sama, yana tsoron wuri matsattse, ya taɓa fama da giya ya daina, kullum ba shi da kuɗi. A farkon shekarun 1990 ana sayar da ɗaruruwan dubban kwafi a kowane wata, kuma har yau ana bugawa. Abin da ya riƙe Italiyawa shi ne sau da yawa idan binciken ya kai ƙarshe, dodon da ake gudu shi ne abin tausayi, mugun kuwa mutum ne mai kwat da mutunci a idon jama'a.

Wannan ita ce gaɓar da na fi ba muhimmanci. A mafi yawan kyawawan labaran nan, fatalwa ba ta zuwa haka kawai. Akwai haƙƙin da aka danne, gadon da aka cinye, yarinyar da aka zalunta gari ya yi shiru. Fatalwar shaida ce da ta ƙi kwanciya. Mai binciken kuma aikinsa ya tono abin da masu rai suka rufe. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, kuma a kan wannan aka gina rabin labaran.

An taɓa yin wannan rigimar

Fargabar da yayata ta ji, iyayen Amurka sun ji ta shekara saba'in da suka wuce, kuma yana da kyau mu san yadda ta ƙare.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu littattafan zane sun cika Amurka, ana sayar da kowanne kwabo goma na kuɗinsu, yara na musayarsu hannu da hannu. A 1948 an riƙa tara su ana cinna musu wuta a harabar makarantu, kamar yadda aka yi a Binghamton ta jihar New York. A 1950 kamfanin EC na William Gaines ya shiga buga na ban tsoro, suka karɓu ƙwarai, wasu kamfanoni suka bi sahu, kowa na ƙoƙarin ya fi wani muni a bango.

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Jamus, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana cewa waɗannan zane-zane ne ke lalata yara suna tura su ga aikata laifi. Kada a ɗauke shi mutumin banza: shi ne ya buɗe asibitin da ke duba talakawa baƙaƙen fata a unguwar Harlem a lokacin da wasu ke ƙyamarsu, kuma damuwarsa da yara ta gaskiya ce. A watan Afrilu na shekarar wani kwamitin majalisar dattawa ya yi zama a New York. Sanata Estes Kefauver ya ɗaga wani bango na EC mai hoton mutum riƙe da gatari da yankakken kan mace, ya tambayi Gaines ko yana ganin wannan ya dace. Gaines ya ce ya dace da bangon littafin ban tsoro. Washegari jaridu suka yi ca a kansa.

Majalisa ba ta yi doka ba. Kamfanonin ne da kansu, don tsoron a yi musu, suka kafa hukumar tacewa a watan Oktoba. Ƙa'idojinta sun hana sa kalmar ban tsoro a sunan littafi, sun hana masu shan jini da gawarwaki masu tafiya da masu rikiɗa, sun ce dole nagari ya yi nasara a kowane labari. Littafin da ba shi da hatimin hukumar, masu rarrabawa ba sa ɗauka. Cikin 'yan watanni EC ta rufe littattafanta na ban tsoro.

A daidai wannan lokaci wani abu ya faru a Glasgow ta Birtaniya. A watan Satumba na 1954 ɗaruruwan yara 'yan unguwar Gorbals, wasu da sanduna wasu da wuƙaƙe, suka cika wata maƙabarta da yamma suna farautar mai shan jini mai haƙoran ƙarfe da aka ce ya cinye yara biyu. Babu yaron da ya ɓace. Aka ɗora laifin a kan littattafan zane na Amurka, kuma a 1955 majalisar Birtaniya ta yi dokar hana irinsu. Ga duk wanda ya taso a unguwar da aka taɓa yin jita-jitar mayya ko wata tsamiya mai aljanu, ya san yara ba sa buƙatar littafi kafin su haɗa irin wannan runduna.

To me hanin ya haifar? A 1964 wani kamfani ya fara buga labaran ban tsoro a siffar mujalla baƙi da fari, wadda ƙa'idar ba ta shafa ba. A 1971 aka sassauta ƙa'idar. A shekarun 1980 manyan kamfanoni suka fara fitar da wasu littattafai ba hatimi, an rubuta a bango cewa na manya ne. Kamfanin Marvel ya fice daga hukumar a 2001, a 2011 kuma hukumar ta mutu gaba ɗaya. Sannan a 2012 wata malama a Jami'ar Illinois, Carol Tilley, ta bi takardun Wertham na asali ta gano ya sauya shekarun wasu yaran da ya yi hira da su, ya haɗa maganganun yara daban-daban a matsayin na mutum ɗaya, ya kuma ɓoye matsalolin gidajensu da suka fi kusa da zama dalilin halin da suke ciki.

Mu ma mun ga makamancin haka. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Labaran ba su mutu ba, sun koma waya, inda ba mai tacewa.

Inda masu adawa suke da gaskiya

Kada wannan tarihi ya sa a ɗauka damuwar iyaye ba ta da tushe. Tana da shi, kuma ta wani ɓangaren ta fi ta Amurkawan 1954 nauyi.

Ga mai zanen da ke Milan ko Tokyo, duniyar ɓoye kayan aiki ce, yana sarrafa ta yadda labari ya buƙata. A wurinmu aljani ba ƙirƙira ba ne. Akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani, kuma sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Saboda haka idan jarumin labari matsafi ne da ke ƙulla yarjejeniya da shaiɗanu, kamar John Constantine da aka fara ba shi nasa littafin a 1988, maganar ta wuce ta tsoro. Gaskiya ne labarin yana nuna yadda tsafin ke cinye duk wanda ya raɓe shi, amma yana kuma sa shi ya zama mai burgewa. Baligi mai tushe a addininsa zai iya rabe aya da tsakuwa. Yaron da bai gama sanin abin da addininsa ya ce game da gaibu ba, zai iya cakuɗa abin da ya ji a islamiyya da abin da wani ya ƙaga don ya sayar da littafi. Wannan ya isa dalilin da zai sa babba ya san abin da ake karantawa a gidansa.

Na biyu, akwai littattafan da ba su da komai sai azabtarwa da tsiraici, an fake da fatalwa. Ba ƙulli, ba haƙƙin da ake nema, sai dai a nuna yadda ake wulaƙanta jikin ɗan Adam, galibi jikin mace. Ba na kare waɗannan, ko ga babba.

Yara kuma ba ɗaya suke ba. Wani zai karanta ya yi barcinsa. Wani hoto ɗaya zai bi shi mako guda, ya kasa fita bayan gida da dare. Uwa ta fi kowa sanin wanne ne nata.

Waya ta canza lissafin

A da, littafi yana da bango, bangon yana da alamar shekarun da ya dace da su, mai kanti yana ganin fuskar mai saye. Yaranmu ba ta wannan hanya suke samu ba. Shafuka ne na intanet da ake zuba komai a wuri ɗaya kyauta, na ɗan shekara 10 kusa da na ɗan shekara 30, ga tallace-tallacen batsa da caca a gefe. Sau da yawa tallan ya fi labarin haɗari.

Siffar ma ta sauya. A Koriya ta Kudu aka ƙirƙiro labarin zane da ake ja daga ƙasa zuwa sama a waya, ba shafi. A 2011 wani gajeren labari a dandalin Naver ya karaɗe duniya saboda yana ƙwace ja daga hannun mai karatu: kana cikin tafiya a hankali sai hoton ya zabura da kansa, fatalwar ta juyo da ƙara. Wannan ya karya shingen da na yi magana a kai, kuma irinsa ne na fi jin tsoro ga ƙananan yara, domin ya cire abu ɗaya da ke sa tsoron littafin zane ya zama mai sauƙin ɗauka.

A Najeriya ma sana'ar tana tsiro. Ana taron masu zane a Legas tun 2012, kamfanin Comic Republic ya fara a 2013, kuma cikin jarumansa akwai wanda sunansa ke nufin tsoro da Yarbanci. Da Hausa kuwa, labaran aljanu da mayu sun cika WhatsApp a rubuce, masu bibiyarsu ba sa ƙirguwa, sai dai hannun da zai zana su ne bai yawaita ba.

Mun gama babi uku a daren nan, ni da yaron. Na gaya wa yayata abin da na gani, ban rage ba: labarin ba na tsafi ba ne, amma akwai babukan gaba da suka fi ƙarfin shekarunsa, kuma shafin da yake shiga bai dace ba ko kaɗan. Muka tsaya a kan cewa ba karatu bayan sallar isha'i, kuma duk sabon labari sai ya fara nuna min. Ta karɓi wayar ta kai ɗakin mahaifinsa.

Da zan tafi ya rako ni bakin zaure, yana ta leƙen lungun da ke bayan gidan, inda tsohuwar rijiyar da aka daina ɗiba take rufe da langalanga. Ya ce, "Kawu, wai gaskiya ne Inna ta ce a da ba a zuwa wajen rijiyar can bayan magariba?" Na ce haka muka taso muka ji. Ya ce me ya faru a wurin. Na ce ban taɓa tambaya ba. Ya yi shiru, sannan ya ce gobe zai je ya tambayi Inna, kuma in zan dawo in taho masa da littafin zane maras layi da fensir mai baƙi sosai.